Makunnin Mai Hoto

"Ba ta gan ta ba," in ji mijin Auta. Ya sake zare kebul ɗin kyamarar daga gefen kwamfuta, ya hura ramin, ya mayar.

Muka zuba wa allon ido. Babu abin da ya motsa sai 'yar kibiyar da yake ta zagayawa da ita.

A kan gado Mai Hoto ya ja numfashi ya riƙe, har sai da Auta ta miƙe tsaye, sannan ya sake shi. Haka numfashin yake tun da asibiti suka sallamo shi, suka ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Ni maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba mu. Kimiyya na koyar har na yi ritaya, kuma na san ma'anar irin wannan sallama ko da likita ya lulluɓe ta da murmushi.

Abin da yake so ba shi da yawa. Jiya, kafin harshensa ya ƙarasa yin nauyi, ya gaya wa autarsa cewa akwai kaset a cikin tsohuwar kyamararsa, yana son ya gani. Mutumin ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar bidiyon taron mutane, amma matarsa, Mai Ɗinki, sau ɗaya ta yarda ya ɗauke ta, kuma wannan kaset ɗin ke nan. Ta daɗe da rasuwa. Ɗan allon da ke jikin kyamarar ya fashe tun yana sana'a, na'urar da yake kallon kaset da ita kuma ya sayar lokacin da ya rufe shago. Hanyar da ta rage ita ce a haɗa kyamarar da kwamfuta. Tun hantsi mijin Auta ke fama. Ya canza kebul, ya canza rami, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya sauko da wasu abubuwa daga intanet, duk a banza.

"Ku bar bawan Allah ya huta," in ji Gwaggo, ƙanwar Mai Hoto, daga kan tabarmarta a bakin ƙofa. "Mutum yana cikin wannan hali, hoton mamaciya za ku nuna masa?"

"Shi ya nema," na ce.

"Marar lafiya ai ba ya sanin abin da yake nema."

Na sha jin wannan magana a ɗakunan jinya, ban taɓa jin ta daga bakin wanda ke kwance ba. Sai kunnena ya kama wani abu: wani siririn gurnani daga cikin kyamarar, wadda ke kwance a gefenta a kan kujera. Na sunkuya. A gabanta, kusa da gilashin, wata 'yar jar fitila tana ci.

"Ɗana, me ka danna?"

"Duk na danna, Malama. Haka ake yi, a gwada kowanne."

"Har jan maɓallin nan?"

"Har shi."

Na sa babban yatsa na danna shi. Gurnanin ya tsaya, fitilar ta mutu.

"Ɗauka take yi," na ce.

"Ɗauka a kan me?" Auta ta tambaya. Kafin in buɗe baki ta gane a kan kaset ɗin Mai Ɗinki ne, ta dafe bango. "Tun yaushe?"

Mijinta ya dubi yatsunsa. "Ɗazu. Ban sani ba. Allon a fashe yake, ta yaya zan gani?"

"Kar a gaya masa," Auta ta raɗa mini a kunne. "Don Allah, Malama."

Na waiwaya. Idanun Mai Hoto a buɗe suke, a kan kyamarar. Wannan gurnanin a kafaɗarsa ya tsufa, kusa da kunnensa. Ya riga mu sani, baki ne kawai ba shi da shi. Na matsa kusa da gadon.

"Maƙwabci, mun yi maka ɓarna. Ban san yawanta ba tukuna. Za mu duba."

Ya lumshe ido ya buɗe. Hannunsa na hagu, wanda shi kaɗai ke motsi, ya damƙe zanin gado.

Na ɗauki kyamarar na kai ta bakin taga, na gyara tabarau. Makunninta irin wanda ake murɗawa ne, mai matsayi uku: a tsakiya kashewa, sama ɗauka, ƙasa kallo. Na tura ƙasa, ya ƙi. A hanyar da ya kamata ya bi akwai wani dunƙule mai tauri, ya yi baƙi da dauɗar hannu har ya saje da jikin roba.

"Haka kamfani ya yi ta," in ji mijin Auta. "Na gwada, ba ya zuwa nan."

"Babu kamfanin da ke rubuta kallo sannan ya toshe hanyar kallo. Gam ne."

Na san gam ne domin a gabana aka zuba shi. Ranar da makaranta ta yi mini taron sallama, Mai Hoto ne ya ɗauka. A cikin turmutsutsun ɗalibai makunnin ya zame ƙasa bai sani ba, ya tsaya ƙyam yana auna ni har na gama jawabi, kyamara ba ta ɗauki ko tari ba. Na wanke shi tas ta saman katanga. Washegari ya shigo da ita da kwalbar gam, ya cika wurin ina kallo, ya ce, "Malama, daga yau wannan ta daina kallo, aiki kawai." Ya ƙara da cewa jawabin ma ya yi tsawo.

"In tana kan ɗauka, hankalinta ba ya kan kwamfuta," na ce. "Sai ta koma kallo. Auta, kina da ruwan goge fentin farce? Ki haɗo da reza."

"Malama, tsaya." Mijin Auta ya tare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ruwan nan yana cin roba. In makunnin ya karye, shi ke nan, ba kallo ba ɗauka. A bari gobe in kai wa mai gyara, ya buɗe ta a tsanake."

Gaskiyarsa ce, ruwan yana cin roba. Amma goben ce ba mu da tabbacinta. Daga gado numfashin ya sake tsayawa, muka tsaya tare da shi. Wata babbar mota ta wuce a titi, gilashin taga ya yi rawa, sannan ƙirjin ya ɗaga.

Auta ta fita da sauri ta dawo da kwalbar da reza.

Na fara fito da kaset ɗin. Murfin ya buɗe da ƙyar yana kuka, har na ɗauka zai maƙale da shi a ciki. A bayan kaset ɗin akwai ɗan harshe da ake turawa don kada a ɗauka a kai. Na masu taro bai taɓa ba da shi a buɗe ba. Wannan na gida ya bar shi haka, wataƙila yana sa ran wata rana za ta sake yarda. Na tura shi na rufe, na ba Auta ta riƙe.

Na jiƙa bakin auduga na ɗiga a kan gam ɗin. Warin ya cika ɗakin, Gwaggo ta rufe hanci da gyale.

"Yanzu kuma shaƙe shi za ku yi?"

"Buɗe ƙofar da kyau, Gwaggo, tunda kina kusa."

Gam ɗin ya fara laushi, robar da ke gefensa ta fara fari. Na sa reza, sai na ga bakinta yana rawa. Hannun da ya yi shekaru yana auna ruwa a kwalaben gwaji ya zaɓi yau ya tuna mini da tsufa. Rezar ta zame ta shafi yatsana.

"Kawo, Malama," in ji mijin Auta. "Ki nuna mini wurin kawai."

Na ba shi. Ya durƙusa, kyamarar a kan gwiwarsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Daga ƙasa," na ce. "Kar ka ɗaga, kankare. Bar nan, jikinta ne." Dunƙulen ya fito guntu-guntu. Ya sa yatsa a kan makunnin ya dubi matarsa.

"Murɗa," ta ce.

Makunnin ya lanƙwasa kamar zai rabu biyu, sannan ya ce ƙas, ya zauna a kan kallo. Auta ta mayar da kaset, mijinta ya soka kebul. Kwamfutar ta yi ɗan kiɗa.

"Ta gan ta," ya ce.

Ya mayar da kaset ɗin baya zuwa farko. Muka ɗora kwamfutar a kan matashi kusa da fuskar Mai Hoto, Auta ta tallafo kansa. Hoto ya fito a karkace: silin ɗin wannan ɗakin, ƙafar gado, gwiwar hannun mijin Auta tana shiga tana fita. Muryarsa ta ce ba ta gan ta ba. Can ta sake cewa haka.

"A tura gaba," in ji Auta.

"In na tura zan iya wuce ta. Ban san nawa ya rage ba."

"To bari."

Muka zauna muna kallon kanmu muna cinye hoton Mai Ɗinki. Muryar Gwaggo ta fito tana cewa a bar bawan Allah ya huta, Gwaggo ta gaske ta sunkuyar da kai. Idanun Mai Hoto suka fara rufewa. Auta ta girgiza kafaɗarsa a hankali. "Baba. Baba, saura kaɗan." Na ga takalmina a allon, na ga hannuna yana tahowa ya rufe gilashin.

Hoton ya yage, sai hasken rana. Tsakar gidan nan ne, bangon da sabon fenti. Mai Ɗinki tana kan keken ɗinki, kanta a sunkuye, allura a bakinta. Ta cire ta.

"Ajiye abin nan ka zo ka riƙe mini bakin yadi."

"Ɗago ki dube ni tukuna," in ji wata murya mai ƙarfi daga bayan kyamara.

"Na gan ka da safe, ba ka canza ba."

Hoton ya yi rawa saboda mai ɗauka yana dariya. Ta ci gaba da taka keke, bakinta na son murmushi tana hana shi. Can ta gaji ta ɗago, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "To, ga ni."

Idanun Mai Hoto a buɗe suke tar. Hannunsa ya saki zanin gado. Ya ga ta miƙe tana kakkaɓe zare daga zaninta, ta nufo shi, allon ya koma shuɗi.

Ba wanda ya taɓa komai. Gwaggo ta taso ta zauna a ɗaya gefen, tana yi masa kalmar shahada a kunne. Numfashin ya ci gaba, tazararsa na ƙaruwa, hasken shuɗin yana kan kumatunsa. Ya ja ɗaya ya riƙe. Muka jira kamar yadda muka saba tun safe. Auta ta daɗe tana jira, sannan ta sa tafin hannu ta shafa idanunsa.

A kan kujera kaset ɗin ya kai ƙarshe. Kyamarar ta yi ɗan ƙara, ta fara naɗe shi baya da kanta.