Agogon da Muka Ɗaura wa Baba

Ranar da na kawo wa Baba agogon, sai da ya juya shi gaba da baya kamar mai duba katakon da gara ta ci. Kafinta ne, ya haura shekara hamsin a shago ɗaya a ƙarshen layinmu, kuma bai taɓa yarda da abin da ba zai iya kwancewa ya mayar ba.

"To, shi wannan me yake yi?" ya tambaye ni.

"In ka faɗi zai gane, Baba. Zai yi ƙara, in ba ka danna nan ba sai ya kira wayata, ya nuna mini inda kake."

"Ashe ɗan gulma kika kawo mini," in ji shi. Inna ta yi murmushi, amma ba ta ɗago daga ɗinkin da take yi ba.

Mako biyu kafin nan na tarar da shi da ƙulu a goshi da kujewa a gwiwa. Ya ce santsi ne ya kwashe shi a bakin banɗaki. Yayanmu, wanda ba ya magana biyu, ya yanke hukunci ta waya: in aka sake faɗuwa a gidan nan, za a rufe shago, a kwashe su su biyun zuwa gidansa a wani gari. Ni na roƙa a gwada agogon tukuna. Na san raba Baba da shagon nan kashe shi ne a tsaye, Inna kuwa ta sha cewa gawarta kaɗai za a fitar daga ɗakin da ta haife mu.

Makon farko agogon ya sa na sha wuya. Duk sanda Baba ya buga guduma da ƙarfi, sai ya ɗauka faɗuwa ce. Shi kuma kunne ya yi nauyi, ba ya jin ƙarar balle ya danna. Ni malamar makaranta ce. Sau uku ina barin yara da rabin jimla a allo in ruga shago, in same shi lafiya lau da ƙusa a baki. A na ukun na yi masa faɗa a gaban wani mai sayen kujera, Allah ya yafe mini. Sai da mutumin ya tafi sannan ya juyo gare ni.

"Sannu, Auta," ya ce. "Ba zai sake ba."

Bai kuwa sake ba. Wata guda cur shiru. Kullum in na duba waya sai in ga takun da agogon ya ƙirga ya ragu sosai, na ce alhamdulillahi, tsoho ya fara hutawa. Har na bugi ƙirji a wajen Yaya, na ce ai dabarata ta ci. Rigar Baba mai dogon hannu ce, ni kuma ban taɓa cewa ya naɗe in gani ba. Wanda yake son ya ji daɗi ba ya yawan bincike.

Wata Talata da hantsi wayar ta yi ƙara. Ko taswirar da ke nuna inda agogon yake ban duba ba, ƙafata ta riga ta san hanyar shago. Na same shi a tsaye yana yanka katako da zarto, ya naɗe hannun riga, wuyan hannunsa babu komai.

"Baba, ina agogon?"

Ya dubi wayar da ke ƙara a hannuna. Zarton ya suɓuce masa.

"Gida," ya ce. "Yi gaba, kin fi ni sauri."

A kicin na sami Inna, a kwance a ƙasa ta gefe guda, tukunyar ruwa tana tafasa a kan wuta sama da kanta. Ta yi ta ƙoƙarin tashi ta kasa. Agogon na wuyan hannunta. Da yake hannun siriri ne, an huda wa maɗaurin sabon rami, zagayayye tsaf, irin hudar da na sani tun ina yarinya.

Abin da ta fara ce mini shi ne, "Kada ki gaya wa yayanki."

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya tsage, kuma jininta kan sauka farat ɗaya in ta miƙe. Ya ce da ta wuni a ƙasan nan har Baba ya dawo da yamma, da labarin ya sha bamban. Na fito na tarar da Baba a kan bencin baranda, garin katako har yanzu a girarsa. Na zo da niyyar faɗa, amma da na ga yadda ya tsufa a wuni ɗaya sai kawai na zauna kusa da shi.

"Wata huɗu ke nan jiri yana kayar da ita," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Ƙulun nan da kika gani, wajen ɗaga ta na same shi. Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa ba. Shekara hamsin da biyu ban taɓa karya mata alkawari ba. Na dai ce mata agogon yana hana ni aiki, ta riƙe mini shi a hannunta, kada ki ga ya daina ƙirga taku ki zo da faɗa."

"Baba, ka san in ya yi ƙara shago ya tafi?"

"Na sani tun ranar da na huda maɗaurin." Ya shafa wuyan hannunsa. "Ni ne na yi alkawarin yin shiru. Shi ɗan gulmar nan bai yi ba."

Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin shagon, da tsohon zaren da yake rataye shi. Ya riƙe shi jim kaɗan, sannan ya sa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai.

"Kira yayanki," ya ce.