Inda Yazid Ke Cin Abinci

Alhaji Sama'ila ɗan kasuwar fata ne a Daura. Yana sayen fatun awaki da tumaki a kasuwannin Mai'aduwa da Baure da Sandamu, a barbaɗa musu gishiri a shagonsa, a loda su zuwa Kano, daga can su wuce majemun Italiya. Shekara da shekaru yana wannan harka bai taɓa sha'awar ganin inda fatun suke ƙarewa ba. Ɗansa na fari, Yazid, shi ne ya yi sha'awar. Ya nemi izinin tafiya aka hana shi. Wata rana ya hau motar kaya ta Kongolam ya shiga Nijar, ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan watanni, da ya bugo waya daga wani birni wai shi Napoli.

Ya daɗe a can yana sauke kaya a kasuwar kayan gwari. Duk Juma'a yakan kira mahaifiyarsa, Hajiya Kulu. Da uban kuwa gaisuwa ce kawai. Wani lokacin sanyi ciwon ƙirji ya kama shi, aka kai shi asibiti, bai fito ba. Musulmin garin suka yi masa sallah suka binne shi a can.

Alhaji Sama'ila ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwa kamar yadda aka saba. Yana amsawa, yana shafa addu'a, amma hawaye bai zo ba. Ya jira ko zai zo bayan mutane sun watse, shi ma shiru. Abin da kawai ya lura da shi, tuwo da fura da ruwa duk sun zama abu ɗaya a bakinsa.

Masu majemar da ke sayen fatunsa sun daɗe suna gayyatarsa, yana cewa sai wani lokaci. A wannan karon ya amsa. Ranar da zai tafi Kano ya hau jirgi, Hajiya Kulu ta same shi yana ɗaure jaka. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan ba saboda kunyar ɗan fari, yanzu ma ba ta kira ba.

Ta ce, "Alhaji, yaron nan yana yawan ba ni labarin wata tsohuwa da yake cin abinci a wurinta. Wai tana dafa wake da taliya, wai Iya suke ce mata. In ka je, ka nemi wurin. Ina son in san me yake ci."

Ya ce, "Garin mutane ne, Hajiya. Ina zan gano wata tsohuwa?"

"Ka dai tambaya."

A Napoli ya gama da masu majema, sannan ya kira lambar da aka sanar da shi rasuwar da ita. Mai lambar Harisu ne, mutumin wani ƙauye kusa da Kongolam, mai kimanin shekara arba'in, yana sayar da laima da jakunkuna a bakin tashar jirgin ƙasa. Shi ya raka shi makabarta. Alhaji ya tsaya a kan kabarin ya yi addu'a. Ya ga an rubuta sunan da kuskure, ya ga ciyawa ta fito a gefe, ya sunkuya ya cire. Ya ɗan tsaya ko zai ji wani abu. Da ya ga ƙafa kawai ke masa ciwo, ya ce su tafi.

A cikin mota ya yi wa Harisu zancen tsohuwar.

Harisu ya ce, "Na ji samari suna ambatonta, Alhaji, amma ni ban taɓa zuwa ba. Ni da kaina nake girki. Na dai san marigayi a Sanita yake kwana, tsohuwar unguwa ce. In kana da ƙarfin tafiya gobe da hantsi mu shiga."

Washegari suka shiga. Unguwar lunguna ce matsattsu, an shimfiɗe ƙasa da baƙaƙen duwatsu da suka yi santsi saboda tsufa. Gidaje dogaye sun kusa haɗa kai a sama, an ɗaura igiyoyi daga taga zuwa taga an shanya zannuwan gado da kayan yara. Babura na kutsawa tsakanin mutane ba ko oda. A jikin bango nan da can an yi ɗan rami an sa hoton wani mamaci da fitila da fure. Alhaji na tafe da babbar riga da hula, mutane na kallonsa, shi kuma yana kallon inda zai sa ƙafa.

Harisu ya fara kai shi shagon wasu 'yan Fakistan masu gasa nama, don nan ne Musulmi suka fi zuwa. Mai shagon ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce baƙar fata da yawa suna cin abinci a wurinsa, amma shi ba tsohuwa ba ne, kuma ba ya dafa wake.

Suka fito babban titi, inda gidajen abinci suka jeru da hotunan girki a ƙofa, ma'aikata sanye da fararen riguna suna kiran masu wucewa da Turanci. Baƙi 'yan yawon buɗe ido sun cika teburan waje, kowa da kofin jar giya a gabansa da rana tsaka. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Katsina Alhaji bai sake ganin kwalbar giya a fili ba. Ya ɗauka ransa zai ɓaci. Ya dube su kamar yadda zai dubi kujeru, ya wuce.

Harisu ya ce, "Nan ba wurin mutanen unguwa ba ne. Su kansu 'yan garin ba sa ci a nan. Wanda muke nema ba zai yi allo a ƙofa ba."

Suka koma cikin lungu. Suka leƙa wani wuri mai ƙamshin suya, sai ga cinyoyin alade rataye a kan kanta, suka ja da baya. Wani wurin kuma an rufe, an liƙa takarda a ƙofa. Harisu na tambaya da Italiyanci, mutane na nuna hanya da hannu biyu, kowa da inda yake nunawa. Wani mai gyaran takalmi ya tambayi wane yaro ne ake magana a kai. Harisu ya juyo ya dubi Alhaji.

Alhaji ya ce, "Yazid." Tun ranar suna bai furta sunan da ƙarfi a gaban mutane ba. Ya fito daga bakinsa kamar sunan ɗan wani.

Mai gyaran takalmi bai san shi ba. Amma wata mata mai sayar da tumatir da gauta a gefensa ta ji zancen wake, ta ajiye sikeli ta yi ta bayani da sauri. Harisu ya ce wai akwai wata Karmela a bayan cocin can, ita ce ke dafa wa leburorin kasuwa, har da baƙaƙen samari.

Ƙofar ƙarama ce, an rataya labulen zare. Ba allo, ba hoto. Ciki tebur huɗu ne da leda a kansu, wasu maza biyu da kayan aiki suna cin abinci ba sa magana, talabijin na yi a sama ba mai kallo. Daga bayan kanta wata gajeriyar tsohuwa ta fito tana goge hannu a gaban rigarta. Ta dubi Alhaji daga hula har takalmi, ta nuna musu tebur.

Kafin su zauna Alhaji ya ce, "Tambaye ta ko akwai alade a ciki."

Harisu ya tambaya. Tsohuwar ta kama hannun rigar Alhaji ta ja shi har bakin murhu. Tukwane biyu ne a kan wuta. Ta nuna babbar ta yi alamar a'a da yatsa. Ta buɗe ƙaramar, ta nuna kwalbar man zaitun da tafarnuwa da tumatir, ta ce wani abu.

Harisu ya ce, "Wai wannan ta 'ya'yanta Musulmi ce. Ko ludayinsu ba ta haɗawa."

Ta kawo musu kwano biyu da burodi. Wake ne fari da gutsattsarin taliya iri-iri, ya yi kauri kamar fate. Alhaji ya yi bismillah ya kai cokali baki. Da zafi, da laushi. Iyakar abin da ya ji ke nan.

Ya fito da wayarsa ya nemo hoton da Yazid ya aiko da sallar bara, ya miƙa mata. Ta ɗaga tabaran da ke rataye a wuyanta ta duba. Fuskarta ta washe. Ta ce, "Yazi!" Ta dubi hoton, ta dubi Alhaji, ta shafa nata goshin da hanci tana nuna kamannin. Ta juya ta gaya wa mazan da ke cin abinci, su ma suka ɗago kai suka gaishe shi. Ta nuna kujerar kusa da bango, wai nan yake zama. Sannan ta shiga ciki ta dawo da wani gwangwanin madara, an rufe bakinsa da leda an ɗaure da tsumma.

Alhaji ya gane ɗaurin tun kafin ta ajiye. Yajin Hajiya Kulu ne, wanda ta daka ta bai wa wani matafiyi ya kai. Saura kaɗan a ƙasa.

Tsohuwar na ta magana tana dariya. Harisu ya ce, "Wai kullum sai ya ɓata mata girki da wannan abu. Wai ta taɓa ɗanɗanawa ta kwana tana tari." Ya saurari sauran maganarta, sai ya sunkuyar da kai. "Alhaji, tana tambaya yana ina. Wai ya daina zuwa ba sallama. Ta ɗauka ya wuce Jamus kamar sauran."

Alhaji ya ce, "Gaya mata."

Harisu ya gaya mata a taƙaice. Ta tsaya da gwangwanin a hannu. Ta sake tambaya, ya sake faɗa. Ta jawo kujera ta zauna, ta rufe fuska da gefen rigarta ta fara kuka, kuka mai sauti, kafaɗunta na rawa. Ɗaya daga cikin mazan ya tashi ya kashe talabijin.

Alhaji ya zauna yana kallonta. Ya ga jijiyoyin bayan hannunta, ya ga wani tsohon tabon ƙuna a wuyan hannun. Ya san nan ne ya kamata wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ya saurara, bai ji ba. Sai ya ji bakinsa yana faɗin abin da aka yi ta faɗa masa a zaure.

"Ki yi haƙuri, Iya. Kwanansa ne ya ƙare. Ki yi haƙuri."

Harisu bai fassara ba. Tsohuwar ta kama hannun Alhaji da hannu biyu ta riƙe. Bai saba mace baƙuwa ta taɓa shi ba, amma bai janye ba, har ta saki da kanta.

Da ta lafa ta kwance ledar ta tura masa gwangwanin. Ya barbaɗa yajin a kan waken ya ci gaba da ci, don ba kyau a bar abinci. Yajin ya tsufa, zafinsa ya ragu. Ya cinye ya goge kwanon da burodi kamar yadda ya ga mazan can sun yi. Da za su fita ta so ta ba shi gwangwanin, ya ce a bar wa samarin da ke zuwa.

A waje rana ta karkata. Harisu ya tambaye shi ko yana son ganin gidan da marigayin ya zauna. Ya ce a'a, a nuna masa inda zai yi azahar.

Ya iso Daura ana tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu a hanyar Sandamu. Bayan masu sannu da zuwa sun tafi, Hajiya Kulu ta zauna a bakin tabarma. Ya gaya mata lungun, da tebur huɗun, da tukunyar da aka ware, da kukan tsohuwar. Ta saurara tana murza bakin mayafinta.

Ta ce, "Wurin da tsabta?"

"Da tsabta."

"Yana ƙoshi?"

"Kwanon babba ne."

Ta tambayi abin da ake sawa, ya faɗi wanda ya tuna. Bayan kwana biyu ta dafa da farin wake da taliyar leda da man gyaɗa. Ya ci, ta tambaye shi ko haka yake. Ya ce ya yi kama. Ita ta kai cokali biyu ta ajiye, ta kira yaran maƙwabta ta juye musu sauran.

Da safe direbansa ya zo ya ce fatun Baure sun iso, wasu sun fara wari saboda ruwan da ya dake su a hanya. Alhaji ya sa takalmi ya bi shi shago.