Zaren Busasshen Kifi

Shekara talatin da ɗaya Pyo Man-sik ya yi yana kwasar kwal daga cikin jiragen ruwa da injin ɗaga kaya, har ranar da jirgin kwal na ƙarshe ya bar tashar. Aka wanke dandamalin tas, aka fara kawo fukafukan injinan wutar iska, farare, kowanne ya fi layin gidajen unguwarsu tsawo.

Sabuwar shugabar aiki, Gong Hye-ran, ba ta ɓoye masa ba: direba uku take so, su kuwa bakwai ne. Wanda ya faɗi gwaji sai gadin ƙofa. Abokan aikinsa suka yi ta tsokanarsa wai tsoho ya samu hutu, fiffike ba shi da nauyi kamar kwal, kuma ai kowa ya san kaya mai nauyi shi ke kisa. Kowa ya sani ɗin. Ba dai wanda ya taɓa gwadawa.

Ranar da aka kafa sabon injin ɗaga kayan an zuba giyar shinkafa, aka naɗe busasshen kifi da farin zare aka rataya a gaban ɗakin direba, yadda aka saba don neman sa'a. Bakin zaren ya kwance yana reto.

Ranar gwajin, da layi ya zo kansa, an ɗaure fiffiken, na'urar awon iska ta ce lafiya lau. Man-sik ya kama sandar sarrafa injin, sai ya ga zaren ya miƙe, ya faɗi, ya sake miƙewa ta wajen rumbunan ajiyar kaya. Ya janye hannunsa.

Hye-ran ta kira shi ta oba-oba, ta tuna masa lokacinsa na tafiya.

"Baba Pyo, kifi kake jira ya ba ka izini?"

"Shugaba, kwal bai san iska ba. Wannan kuwa don ita aka ƙera shi."

Minti goma sha biyu yana zaune, ana dariya a ƙasa, shi kuma yana hango kansa a rumfar gadi. Can iskar ta ratso tsakanin rumbunan, ta yaye tamfol, ta girgiza fiffiken a kan gadonsa. Da ta lafa ya ɗaga shi a hankali, ya kwantar cikin jirgi.

Ma'aikata suka ce albarkar kifi ce. Hye-ran kuwa ta rubuta sunansa na biyu cikin ukun, washegari kuma ta zo da ƙullin zare, ta tambaye shi ina da ina ya kamata a ɗaura.