Kaset Uku da Aƙilu Ya Bari

Aƙilu bai taɓa ganin ruwan da ya fi rafin Kubanni faɗi ba sai a silima, amma tun yana saurayi ba shi da zance sai na teku. Duk fim ɗin da aka ce akwai jirgin ruwa a ciki, sai ya hau keke daga Kwarbai har Sabon Gari ya kalla. Da ya samu aikin akawu, kafin ya canza katifa bidiyo ya fara saya, da kaset uku: biyu na jiragen ruwa, ɗaya na wani Bature da guguwa ta jefa tsibiri shi kaɗai. Matarsa Asama'u takan tsokane shi da kifin tudu. Shekara biyu da aurensu, kifin tudu ya ajiye aiki ya tafi Ikko, ya samu shiga wani jirgin dakon kaya. Wasiƙunsa sun yi ta zuwa har damunar 1988, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Kamfanin jirgin ya rubuto layi huɗu, wai ya sauka a wata tasha a ƙasar waje, jirgi ya tashi bai dawo ba.

Babu gawa, babu takardar saki. Asama'u ta rasa sunan da za ta kira kanta, matar aure ko bazawara. Abin da ta riƙe shi ne maganar da mata ke yi a gidan biki da gidan suna, cewa matar wanda ya ɓace shekara huɗu take jira, sannan shari'a ta sallame ta. Ta ce to, shekara huɗu ba ta kashe mutum. Ta ci gaba da zama a gidan surukanta, tana zuwa firamaren da take koyarwa tana dawowa.

Umma, mahaifiyar Aƙilu, a da ko ƙofar ɗakin da bidiyon yake ba ta son wucewa, akwatin shaiɗan take ce masa. Bayan ɓatan ɗanta sai ta sa aka ɗauko shi aka kai ɗakinta. Kaset biyun na jirage ta kalla sau ɗaya ta ce a ɗauke, hayaniya ta yi yawa. Na tsibirin ne ya shiga ranta. Kowace Juma'a bayan la'asar, in akwai wuta, sai ta shimfiɗa tabarma ta kira Asama'u.

"Zo ki faɗa min abin da yake cewa, ke da kika yi boko."

Ba wani abin kirki yake cewa ba. Mutum ne shi kaɗai, gemu ya cika masa fuska, yana fasa kwakwa da dutse, yana kama kifi da rigarsa, yana zana kwanaki a jikin bishiya. Yana da hoton wata mace da yake fitarwa ya duba. Ranar farko Umma ta nuna hoton da carbi.

"Wannan fa?"

Asama'u ta ji sarai abin da Baturen ya faɗa, ƙanwarsa ce. Amma ta ga idon tsohuwar ya cika da ƙwalla, sai ta ce, "Matarsa ce, Umma. Tana can gida tana jiransa."

"Allah ya yi mata albarka," in ji Umma. "Haka matan kirki suke."

Da bakinta Asama'u ta ɗaure kanta, kuma tun a ranar ta gane. A ƙarshen fim ɗin jirgi yana zuwa ya ɗauki mutumin bayan shekara shida. Duk sanda aka zo wurin, Umma sai ta juyo ta dube ta kamar ita ta turo jirgin. "Kin gani ko? Shekara shida, kuma ga shi da ransa."

Shekarar farko Asama'u ma tana son fim ɗin, har takan koma ɗaki ta yi kuka. A ta biyu ta haddace shi kamar karatun allo. A ta uku ta tsani Baturen nan, tsana ta gaske, da gemunsa da kwakwarsa. Shi dai ya san inda yake, kuma kowace Juma'a sai an zo an ɗauke shi. Kaset ɗin ya tsufa, hoton yana rawa, teku ta koma kore, amma Umma tana naɗe shi a ɗankwali ta ajiye cikin adaka tare da turarenta.

A gidan ba a taɓa yi mata rowa ba, wannan kam gaskiya ce. Malam Nasidi, yayan Aƙilu, wanda ɗalibai ke cika zaurensa da safe suna ɗaukar karatun fiƙihu, shi ya ɗauki nauyinta. Hatsi, sabulu, atamfar Sallah, ba abin da ya taɓa yankewa. Unguwa duk ana yaba masa, ita ma tana gode masa har ƙasa.

Cikin shekara ta uku ne Malam Sabo, wani malami a makarantarsu da matarsa ta rasu, ya aika wa gwaggonta Barira cewa in wa'adin ya cika yana so. Mutum ne mai kunya, ko gaisuwa a tsaye yake yi mata daga nesa. Ya ce zai jira, kuma ya jira, shekara ɗaya da rabi, danginsa na ta yi masa surutu a kan 'ya'yansa biyu da ba mai kula da su. Asama'u ta kusa talatin, ba ta taɓa goyo ba. Wannan shi ne abin da ke cin ranta, ba ta kuma da wanda za ta faɗa wa.

Damunar 1992 ta kama, shekara huɗu cif. Ta sanar da Umma cikin ladabi cewa za ta je gaban alƙali. Umma ta juya fuska bango. Ranar Litinin Asama'u ta saka mayafi, kawunta Lado ya raka ta gaban alƙali, Malam Nasidi ya zo a madadin gidansu mijin.

Alƙalin dattijo ne, ba shi da zafi. Ya karanta wasiƙar kamfanin, ya ɗago.

"Yaushe kika fara kawo ƙara a kan ɓatan nasa?"

"Allah ya gafarta Malam, yau ne. Jira na yi shekara huɗun su cika."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Yarinya, wa ya gaya miki haka? Shekara huɗun daga ranar da aka kawo magana gaban shari'a ake fara lissafinsu, a bincika a rasa shi. Zaman da kika yi a gida haƙuri ne, Allah ya ba ki lada, amma ba ya cikin lissafi."

Kawu Lado, wanda majemi ne bai san littattafan nan ba, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wato sai ta sake wasu huɗun?"

"Sai in akwai wata ƙofa. Matar da aka bari ba ci ba sha, ana iya raba aurenta ba jira. Ana ciyar da ke?"

Ta dubi Malam Nasidi. Yana zaune, kansa a sunkuye. "Ana ciyar da ni," ta ce.

"Tufafi? Wurin kwana?"

"Ba abin da na rasa."

Alƙalin ya sassauta murya, don yana so ya taimake ta. "To akwai wata cutuwa da kike ji a zaman nan, wadda ba ta ci da sha ba? Ki faɗa, shari'a ba ta jin kunya."

Shari'a ba ta jin kunya, amma ɗakin cike yake da maza, ga kawunta a dama, ga yayan mijinta a hagu, ga magatakarda ya ɗaga alƙalami yana jira. Ta san amsar sarai. An haife ta a cikin ganuwar birnin nan, an kuma koya mata irin maganar da mace ba ta yi a gaban manya.

"Babu," ta ce.

Aka rubuta ranar, aka ce daga yau an fara. A waje yayyafi ake yi. Kawu Lado ya tafi neman tasi, aka bar ta da Malam Nasidi a ƙarƙashin rumfa. Ta san Malam Sabo ba zai iya wasu shekara huɗu ba, ba za ta ma roƙe shi ba. Ba ta taɓa yi wa Nasidi magana ido cikin ido ba sai ranar.

"Yaya Malam, wannan hukuncin yana cikin littattafan da kake karantarwa a zaure?"

Ya gyara rawaninsa. "Yana ciki."

"Tun shekarar farko ka sani."

"Umma ta roƙe ni kada in faɗa miki," ya ce, yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. "Ta ce ko yaushe ya dawo, ya tarar da ɗakinsa da mutum a ciki. Uwa ce, Asama'u. Kuma ke ba ki tambaye ni ba."

Tasi ta tsaya. Malam Nasidi ya buɗe mata ƙofar baya, ya ce ta shiga kada ruwa ya jiƙa ta, su koma gida.