Ganuwar Tudun Bayan Gari

Zayyanu ya yi wata tara a ƙasar Wels, can cikin Birtaniya, yana koyon kiwon tumaki. Da ya dawo ƙauyensu da ke kusa da Lambara, ya je gaida kawunsa Malam Haliru, manomin albasa da bai taɓa yarda wani gari ya fi nasu komai ba.

Bayan an gaisa, Zayyanu ya ciro waya ya nuna masa hoton wani dutse kore shar, da tumaki a warwatse a jikinsa. Ya ce a samansa akwai kufan ganuwa da ta haura shekara dubu biyu. Mutanen wurin suna cewa wani basamude ne yake zama a kai yana wanke ƙafa a kogi. Kuma duk shekara sukan ware rana guda su hau da abinci, su ci, samari su yi tseren gangarowa.

Malam Haliru ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya miƙa masa wayar.

"Wanga shi na abin da kat tai gani? Ai muna da namu nan bayan gari."

"Kawu, tudun da awaki ka hawa?"

"Shi. Da ganuwatai da komi. Ku yaran yanzu ba ku tambaya."

Ranar Asabar da hantsi, Malam Haliru ya tara mutum goma sha ɗaya da ƙwaryar fura biyu. A cikinsu har da Sama'ila mai gyaran keke, abokin gardamarsa tun suna makarantar allo. Hawan bai kai minti shida ba, amma Malam Haliru ya sa aka huta sau biyu don kada a raina tudun.

A sama kuwa da gaske akwai duwatsu jere a zagaye, tsayinsu ya kai ƙugu. Malam Haliru ya gyara hula, ya ce Zayyanu ya kunna waya.

"Nan mayaƙa ɗari tara sunka tare, zamanin da ba a rubutu."

Zayyanu ya dubi zagayen. Da ƙyar zai ɗauki tabarma biyu.

"Kawu, ɗari tara? Cikin nan?"

"Tsaye su ka kwana."

Sama'ila ya ga ana neman a bar shi a baya, sai ya nuna wani rami a jikin dutse ya ce sawun basamudensu ne, kakansa ya gan shi da ido. Malam Haliru ya ce ƙarya ne, nasa kakan ne ya gan shi, har ya ba shi goro. Sama'ila ya ce basamuden nan idan ya yi atishawa sai an kwashe shanya a Bodinga. Malam Haliru ya ce wannan ƙanen ne, babban ba ya atishawa.

Aka sha fura. Sai Sama'ila ya tuna da zancen tsere.

"Halan turawa sun fi mu ƙafa? Haliru, in kana da ƙarfi mu gangara."

Zayyanu ya roƙe su, ya ce can ma samari ke yi. Ba wanda ya saurare shi. Dattawan biyu, kowanne ya haura sittin, suka naɗe riguna a kafaɗa, aka ƙirga uku.

Taku goma na farko sun yi kyau. Daga nan takalmin Sama'ila ya fita ya wuce shi. Malam Haliru ya waiwaya don ya yi masa dariya, ya taka gefen rigarsa, ya kama Sama'ila don kada ya faɗi, suka tafi tare suna mirginawa, kowa na salati, har cikin gonar kuɓewar da ke gindin tudun.

Mai gonar tana ciki. Gwaggo Rahamatu ce, ƙanwar mahaifin Malam Haliru, wadda ta girmi kowa a garin. Ta dogara da sanda tana kallonsu, kunya uku na kuɓewa sun kwanta.

"Haliru, mi kake nema bisa tudu da girmanka?"

Ya tashi zaune yana cire ƙasa daga gemu. "Gwaggo, tarihi muka rayawa. Ganuwar kakanni."

"Wace ganuwa? Duwatsun ga na sama? Ai babanka Malami yaj jera su, ni ka miƙa mai."

Mutanen da suka biyo su a guje suka iso. Gwaggo ta ce a shekarun baya Malami yana da wani farin rago da ya tsane shi shi kaɗai. Ko'ina ya gan shi sai ya tunkuye shi, a gona, a bakin rijiya, har a ƙofar masallaci. Da abin ya ishe shi, ya yi sati uku yana jera duwatsu a kan tudu don ya samu inda zai ci tuwonsa lafiya. Kwana huɗu ya ci cikin kwanciyar hankali. Ran na biyar ragon ya ja da baya ya tsallako ciki, Malami ya tsallake waje ya bar akushi. Ragon ya kwana uku a ciki, ba wanda ya iya fitar da shi, sai da ƙishirwa ta sauko da shi.

Sama'ila ya kwanta cikin kuɓewa yana dariya har da tari. Sai fuskar Malam Haliru ta washe.

"To kun ji! An gina ganuwa, abokin gaba ya kawo hari, gari ya ci wuta. Zayyanu, ka ɗauka ko? Mi ay yaƙi in ba wanga ba?"

"Rago ɗai na, Kawu."

"Su turawan sun gaya maka ko da wa sunka yi nasu?"

Da gaske kuwa ba su faɗa wa Zayyanu ba.

Gwaggo Rahamatu ta aika aka ɗauko fartanya biyu. Har azahar dattawan na duƙe suna tayar da kuɓewa, tana zaune a inuwa tana nuna musu inda suka tsallake. Sama'ila ya ce shi ya fara isowa ƙasa. Malam Haliru ya ce kansa ne ya fara taɓa kunya, kuma a tsere kai ake dubawa. Suka nemi Gwaggo ta raba gardama, ta ce ita takalmi ta fara gani.