Kafur a Goshin Kishwar

"Kada ki taɓa ni! Apa, ce mata kada ta taɓa ni!"

Haka na tarar da su. Kishwar, maƙwabciyata ta shekara talatin da ɗaya, wadda ke kira na Apa, wato yaya, tana durƙushe a kan darduma, tafin hannuwanta a ƙasa, tsakanin goshinta da dardumar bai fi yatsa huɗu ba, amma ta kasa gaba ta kasa baya. Jikinta sai fizga yake kamar ta kama wayar wuta. Rubab, matar ɗanta, wadda ta ƙwalo mini kira ta taga, tana zagaye ta da ludayi a hannu, ta manta ba ta ajiye ba.

"Ina rimot ɗin?" na ce.

"Khala, ban san wanne ake dannawa ba!" in ji Rubab. Khala, wato inna, haka ita da mijinta ke kira na.

Na karɓa na kashe na'urar. Nan take Kishwar ta saki jiki ta kife a gefe. Da ƙyar muka ɗora ta a gadon igiya.

Kwana goma sha tara ke nan da likitoci suka dasa mata abin: batir kamar akwatin ashana a ƙarƙashin fatar ƙugu, da wayoyi biyu sirara da aka zura kusa da laka. Ba magani ba ne. Wuta kaɗan yake sakar wa jijiya, don saƙon ciwo ya ɓace kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da ilimin lantarki a kwalejin mata a nan Lahore, shi ya sa littafin na'urar, mai Turanci ƙanana kamar kiyashi, ya dawo hannuna. A shafi na uku an rubuta: mako takwas ba sunkuyo.

"Mako takwas aka ce, Kishwar. Ko ƙirgen ma sai na koya miki?"

"To, Farfesa ta fara." Tana haki, amma bakin bai mutu ba. "Tashi na yi na ji ƙafar shiru, kamar ba tawa ba. Na ce bari in yi godiya yadda mutane suke yi."

Shekara tara kafin nan ta zame a matattakalar soro da bahon wanki a kai. Aka yi mata aikin baya sau biyu, aka yi ƙaho, aka shafa man duk wani mai magani daga nan har Multan. Ciwon ya zauna a ƙafar dama kamar an zura mata ƙarfe mai zafi daga ƙugu zuwa diddige. Tun daga lokacin take sallah a kan farar kujerar roba, tana ɗan rusunar da kai a madadin sujada. Ɗanta Taukir, mai shagon bututun ruwa, shi ya ji labarin na'urar, ya yi ta sintiri a asibiti har aka dasa.

Sunkuyon ranar nan ya gusar da waya ɗaya daga mazauninta. Zirin wutar da ya kamata ta ji a ƙafa ya koma haƙarƙari. A asibiti suka yi ta sake saiti har rabin sauƙin ya dawo, amma daga nan duk sa'ad da ta lanƙwasa baya sai wutar ta fizge ta. Taukir ya naɗe dardumar ya jefa ta can saman kabad.

Ya ce wa uwarsa, "Ammi, don Allah. Kujerar nan me ta yi miki?"

Mata suka yi ta zuwa dubiya da gwaiba a leda. Matar liman ta ce ladan mai zaune da na mai tsaye ɗaya ne idan da uzuri, kuma ciwo kankarar zunubi ne. Na farkon ban musa ba. Na biyun kuwa, na daɗe da lura cewa masu faɗinsa duk bayansu lafiya lau.

Bayan sun watse na ce, "Kin ji dai. An yafe miki. Me kike nema a ƙasa?"

Ta yaye zane ta nuna mini gwiwoyinta. Sumul suke, kamar na jariri.

Kafin faɗuwarta, Kishwar ce mai wankan gawar matan layinmu. Ita ta wanke uwata.

"Mata sun fi arba'in na shafa wa kafur, Apa. Goshi, hanci, tafin hannu, gwiwa, yatsun ƙafa. Duk inda ya taɓa ƙasa a sujada. Idona a rufe nakan gane gwiwar mai sallah, kaushi gare ta. Ni idan an zo kaina, a kan me za a shafa?"

"Allah ba gwiwa yake dubawa ba."

"Na ce miki don Shi ne? Shi ya sani. Ni ce nake kewa."

Na ja zanen na rufe mata gwiwoyin.

Da zafi ya shigo sai wani ciwon ya ɓullo, a dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Kowa ya ce wayar ce da ta goce. Taukir ya ce a ƙara lambar ƙarfin na'urar. Ni ce mai ƙarawa. Daga huɗu zuwa biyar, daga biyar zuwa bakwai, tana cewa, "Ya ɗan lafa, Farfesa, hannunki da albarka." Wata biyu cur. Ni da na ƙare rayuwata ina gaya wa 'yan mata kada su yarda da abu don kawai kowa ya faɗa, na zauna ina danna maɓalli. Sai ranar da Rubab ta fito da ita tsakar gida don a taje mata kai, rana ta haska fuskarta, na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Kwanon shinkafa da miyar wake na gefenta, cokali biyu kawai ta ci.

Na tare Taukir a ƙofa yana ƙoƙarin tayar da babur.

"Ka kai ta a duba cikinta. Yau."

"Khala, likitan baya ya ce..."

"Likitan baya baya yake gani. Na'urar nan rufe wa jijiya baki take yi, ba ta san abin da jijiyar ke son faɗa ba. Mu ma ba mu tambaya ba."

Irin na'urarta ba a shiga injin hoton maganaɗisu da ita, sai aka yi wani hoton, aka ɗebi jini, aka ce a dawo. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu. Ko da an gano da wuri da ya canza wani abu? Na tambayi likitar ƙarara. Ta ce wataƙila, wataƙila kuma a'a. Suka ba da ƙwayoyi suka ce a kai ta gida.

Ran Talata bayan azahar na shiga da kofin shayi. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, Rubab na yi mata fifita da kwali. Kishwar ta zama ƙashi da ido.

"Rubab ta yi mini alwala," ta ce. "Apa, a sauko mini da darduma."

Rubab ta tsayar da fifita. "Ammi, Taukir zai kashe ni."

"Ba zai iya ba, ko kyankyaso ke yake kira. Apa, da ke nake."

"Idan kika sunkuya wutar za ta fizge ki kamar wancan karon."

"Sai ki kashe ta."

"In na kashe, ciwon shekara tara zai dawo gaba ɗaya, ga na cikin kuma."

"Mun saba da shi. Ya fi mijina daɗewa a gadona." Ta kama wuyan hannuna, yatsunta da zafi. "Me kike adana wa? Bayan? Ina zan kai shi?"

Na dubi Rubab. Ita ce za ta kwana a gidan, ba ni ba. Yarinyar ta jawo farar kujerar nan zuwa gindin kabad, ta tuɓe takalmi ta hau.

Na kashe na'urar. Na ga ciwon yana shigowa fuskarta, ya fara daga leɓe. Muka sauko da ita, ni a dama Rubab a hagu, hannuwanmu a hammatarta. Ba ta fi buhun auduga nauyi ba, amma ni ma na haura saba'in. Gwiwoyinta suka bugi simintin da ke ƙarƙashin dardumar, ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba.

"Ammi, ya isa! Khala, mu ɗaga ta!"

"Sake ni," in ji Kishwar ta cikin haƙora.

A yatsa huɗun nan na ƙarshe hannuwanta suka gaza. Goshin ya sauka da ƙarfi, har na ji ƙarar. Leɓenta na motsi. A waje mai gwaiba yana ta kiran farashi. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, ni da nake auna komai.

Da muka mayar da ita gado na kunna na'urar, ta jima idonta a rufe, gumi na gangarowa cikin kunnenta.

"Ƙasa da sanyi, Apa," ta ce. "Na manta."

Can ta ƙara: "Ke za ki wanke ni."

"Ban iya ba."

"Kina da littafin komai. Nemo."

Da yamma Taukir ya ga kumburin goshinta, ya ga dardumar a ninke a kan kujera. Ya tsallako gidana ko sallama babu.

"Khala, ke ce mai ilimin. Ke na amince wa."

"Ni ce," na ce. "Kada ka taɓa Rubab da magana."

Ya tsaya yana jujjuya makullin babur, idonsa jawur. Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Daga ranar ba ta sake cin komai ba. Ko abin da muka yi ya rage mata kwana, ban sani ba, kuma ban yarda da duk wanda ya ce ya sani ba. Ta cika ran Alhamis da hantsi, Taukir na riƙe da ƙafarta ta dama yana matsawa.

Mu uku muka yi wankan a tsakar gida, bayan an kewaye da zannuwa: ni, Rubab da matar liman, wadda take gaya mini abin da ke biye da wani. Da muka juya ta, hannuna ya ci karo da batirin a ƙarƙashin fata, mai kusurwa huɗu, ƙugun ya rame har ana ganin shacinsa.

"Wannan fa? Da shi za a binne ta?" in ji matar liman.

"An yanka ta sau uku. Ya isa."

Rubab ta matso kunnena. "Khala, har yanzu na'urar a kunne take."

Na goge hannu na ɗauko rimot ɗin daga bakin taga. Ɗan koren hasken na nan, lamba bakwai. Na danna har ya mutu.

Matar liman ta miƙo mini dakakken kafur a ƙaramin faranti. Na fara da yatsun ƙafa, ta ce a'a, daga sama ake farawa. Na koma wajen kai na gyara mata gashi. A tsakiyar goshin, inda ya bugi ƙasa, akwai tabo shuɗi-shuɗi, faɗinsa daidai kan babban yatsana. Na dangwali kafur na ɗora a kai.