Turancin Ranar Lahadi

Mijina, Malam Pindar, ya yi ritaya daga koyar da Turanci, amma Turancin bai bar bakinsa ba. Ni Rose karatuna bai wuce firamare ba, ɗinki nake yi a zauren gidanmu a Moduganari, don haka Hausa muke yi a gida, wani lokaci mu taɓa yarenmu na Babur in ba ma so yara su ji. Sai dai na daɗe da lura da wani hali nasa. In abu ya yi masa zafi, ba ya kuka, ba ya faɗa, sai ya tsallake ya koma Turanci. Ranar da aka binne ƙaninsa haka ya yi ta amsa wa masu gaisuwa, har wata tsohuwa daga Biu ta ja ni gefe ta tambaye ni ko ya manta yaren uwarsa ne.

Bayan ambaliyar nan da ta ci unguwarmu, mun dawo gida mun kwashe laka, sai na fara ganin abubuwa. Zai zuba shayi ya zuba a gefen kofi. Zai shiga ɗaki kafaɗarsa ta bugi ƙofa. In na yi magana sai ya ce ni ce ke ajiye kaya inda ba wurinsu ba. Da ƙyar da jan rai na kai shi asibiti, kuma likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya riga ya tafi ba zai dawo ba, na hagu ne ake iya cetowa, amma sai an yi aiki a babban asibitin ido a Kano. Ya ƙara da cewa ba abin da za a bari sai bayan Kirsimeti ba ne.

A cikin keke napep muna dawowa ya riƙe hannuna, abin da bai saba yi a titi ba, ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa Florence ba. Florence ita ce babbar 'yarmu, nas ce a Jos, ga jariri a hannu, kuma ita ta tayar mana da katangar da ruwa ya kayar. Ya ce yarinyar ta ɗauki abin da ya ishe ta. Na yi alkawarin, don ya kama ni a lokacin da tausayinsa ya cika mini ciki. Kafin mu sauka na fara jin haushin kaina, domin duk duniya maganar Florence kaɗai yake ji, kuma ba wanda zai iya tasa shi gaba zuwa Kano sai ita.

Kowace Lahadi da yamma Florence ke kira. Yakan buɗe muryar wayar ya ajiye a kan tebur don ni ma in ji. Za ta gaishe shi da Hausa, ya amsa da Hausa, su taɓa zancen jariri da na coci. Da ta ce, "Baba, ya jikinka?" sai in ga ya gyara zama kamar mai shiga aji.

"We are coping, my dear," yake cewa.

Ita kuma ta yi dariya ta wuce zuwa wata magana. Ni ina gefe ina cizon yatsa.

Wata rana na kasa daurewa na ce, Baban Florence, wai me kalmar nan take nufi ne da kake ta jefa wa yarinya? Ai kuwa na taɓo masa inda yake so. Ya ɗaga yatsa ya fara bayani kamar ni ce 'yar aji uku. Ya ce Bature yana da kalmomi da yawa na ɗaukar wahala. Akwai wadda muka ara muke cewa maneji, wato kana lallaɓawa da ɗan abin da ke hannunka. Akwai ta riƙe abu gam kada ka saki, akwai ta cije haƙora. Har akwai wadda ke cewa kanka yana saman ruwa. Ita kuwa wannan da yake faɗa, ma'anarta nauyi yana kanka, ba ka musa ba, amma ƙafafunka ba su lanƙwashe ba. Ya ce shi ya sa yake son ta, don ba ƙarya a cikinta kuma ba roƙo.

Na ce to madalla. Ni da na ga ruwa har ƙirji a tsakar gidan nan, na san kai yana iya zama a sama alhali sauran jiki na nutsewa. Kuma wa ya fitar da mu? Ba samarin unguwa ba ne da suka ji ihuna? Da Turancinka na yi musu da yanzu wani zancen ake yi. Sai ya ce ba na fahimtar harshe, ya juya mini baya.

Wataƙila ba na fahimta ɗin. Amma na zauna a kan keken ɗinki ina ta juya maganar, har na ɗinke hannun riga a baibai. Duk kalmomin da ya lissafa mini, mutum ɗaya ne a cikinsu, shi da kayansa, yana ba da labarin cewa bai faɗi ba tukuna. Namu ba haka suke ba. Haƙuri wani ne ke ba ka shi, sannu ma wani ne ke yi maka, ban taɓa ganin wanda ya zauna a ɗaki ya yi wa kansa sannu ba. Kafin a ce maka sannu kuwa dole a san abin da ya same ka. Sai na gane mijina ya samo kalmar da za ta bar shi ya faɗi gaskiya ba tare da kowa ya taso ba, kuma idonsa na hagu ne zai biya kuɗin wannan wayon. Abin ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni haushi.

Ana haka sai maƙwabciyarmu Hajja Falmata, mai sayar da turaren wuta, ta leƙo zaure. Da ita muka kwana a aji ɗaya na makarantar da aka tsugunar da mu lokacin ruwa, muna raba tabarma. Ta ce lafiya kuwa, Malam ya wuce ta gefenta jiya ta ɗaga masa hannu bai ko kalle ta ba, ko ta yi masa laifi ne? Na auna alkawarina. Florence aka ce kada in gaya wa, ba a ambaci Hajja ba. Na zayyana mata komai. Ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce haram, a ce maƙwabci yana ciwo ba a zo dubiya ba, yanzu za ta shiga. Na ce a'a, ta bari sai Lahadi bayan la'asar, ya fi samun sukuni. Ta dube ni, na dube ta. Ban ce mata ga abin da nake nufi ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar Lahadi wayar na kan tebur, Florence na ba da labarin jariri ya fara rarrafe, sai ga sallama. Hajja ta shigo da kwanon kunun gyaɗa, ƙamshin turare na biye da ita. Ita dama ba ta iya magana a hankali ba.

"Wushe, Malam, sannu, sannu! Ya idon? Ashe ɗayan ya tafi gaba ɗaya? Allah ya tsare maka na hagun."

Malam ya miƙa hannu zai kashe wayar, ya laluba tebur bai same ta ba, alhali tana nan a damarsa.

"Baba, wane ido?" in ji Florence.

Ya gyara zama, ya gyara murya, ya fara zuba Turanci, mai kyau kuwa, irin wanda ake yi wa sufeton makaranta. Na tsinci kalmar nan tasa har sau biyu a ciki. Florence ta bari ya kai aya.

"Baba, ka ajiye Turancin nan. Ka faɗa mini da Hausa."

Hajja ta zauna a bakin kujera da kwanonta a cinya. Ni kuwa na san in ya tashi ya shige ɗaki shi ke nan, mun rasa idon.

"Ba na gani da na dama, Florence," ya ce. "Na hagun ma yana tafiya. Ina jin tsoro."

Shekarun da muka yi tare ban taɓa jin wannan kalma ta fito daga bakinsa ba, ko lokacin da ake harbe-harbe a garin nan. Hawaye suka zubo mini, na bar su.

"Sannu, Baba," in ji Florence. "Sannu." Sai ta koma muryarta ta asibiti, ta tambayi abin da likita ya ce, ta sa na karanto mata sunan maganin da ke jikin kwalba harafi-harafi. Ta ce gobe za ta shigo motar safe ita da jariri, daga nan su wuce Kano, kuma ba shawara take nema ba.

Bayan Hajja ta tafi na zuba masa kunun a kofi na ajiye a gabansa, ina jiran faɗa. Na riga na shirya amsata, cewa ni ban gaya wa Florence komai ba. Bai tambaye ni ba. Ya miƙa hannu wajen kofin, ya tsaya a rabin hanya, ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Maman Florence, miƙo mini," ya ce. "Ban gan shi ba."

Na ɗauka na sa masa a hannu, na riƙe har sai da yatsunsa suka kama.